Sharhi kan ajin koyon gina taurarin labari da na shiga a WhatsApp

Wata marubuciya ce da ta daɗe tana fitar da ƙagaggun labarai ta buɗe ajin, kuma komai a WhatsApp ake yi: ta turo darasi da murya, ta ba da aikin gida, mu turo, ta gyara. Kuɗin rajista bai taka kara ya karya ba.

Aikin farko shi ya fi tsaya mini a rai. Ta haramta mana siffanta jiki kwata-kwata. Ba dogon hanci, ba dara-daran idanu, ba miskilin saurayi ɗan masu kuɗi irin wanda ya cika labaran da ake yaɗawa a manhajar karanta labarai ta Wattpad. Tambayoyinta uku ne: me tauraronka yake so, me yake tsoro, me yake ɓoyewa?

Na kai mata uwar mijin da ke labarina, mace mai takura wa sarakuwarta. Malamar ta ce masifa kawai take gani, ba ta ga dalili ba. Da muka bi diddigi sai ga shi: tsohuwar nan ƙosai ta sayar ta yi wa ɗanta karatu, yanzu shi ke saya mata maganin hawan jini, tana fargabar ranar da zai manta da ita. Sai na sa ta ɗaure makullin ɗakin ajiyar hatsi a haɓar zaninta, ko barci za ta yi ba ta kwancewa. Wallahi daga nan ko ta yi faɗa, tausayinta mai karatu yake ji.

Darasin zance ma ya yi armashi. Basakkwace da ke cewa "wanga" da "tahi" bai kamata ya buɗe baki ya yi Kananci ba, haka tsohuwar ƙauye ba za ta yi maganar 'yar jami'a ba.

Inda ajin ya gaza shi ne cunkoso. An ɗebi ɗalibai fiye da kima, gyara yakan makara, wasu saƙonnin murya kuma sun yi tsawo, ga cin data. Taurarin gefe, irin su ƙawa da ɗan aike, a gurguje aka wuce su, abin da ya ba ni haushi, domin su ne suka fi fitowa a bushe a rubutunmu.

Wanda ya riga ya fara labari zai fi amfana da ajin, don gyaran a kan tauraronka ake yinsa. Waɗanda suka shigo hannu rabbana, yawancinsu sauraro kawai suka yi har aka rufe.