Akwatin tace ruwa da zafin rana, bayan wata biyar ina amfani da shi

Rijiyar gidanmu a Tumfure zartsi ce, ko shayi ka dafa sai ka ji shi a harshe, sabulu ma ba ya kumfa. Ƙanena ne ya dame ni wai mu gwada akwatin nan, muka kai wa wani mai walda ya haɗa mana. Ba wani abu ba ne fa, faranti ne baƙi mita 1 tsawo mita 1 faɗi, an rufe shi da gilashi a karkace. Rana ta gasa ruwan, tururi ya tashi ya kama jikin gilashi kamar raɓa, ya gangaro cikin ɗan bututu zuwa jarka, gishirin kuma ya kwanta a ƙasa. Ba wuta ba fetur ba batir.

Ruwan kam wlh tas yake fitowa, sai dai salam, ba ɗanɗano ko kaɗan tunda har ma'adinan ya bari a baya, Hajiyarmu kurɓa ɗaya ta yi ta ce a mayar mata da na randa.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawa. A zafin Maris da Afrilu nakan samu lita 3 zuwa 4 a wuni, da hazo ya sauko kuwa ƙura ta rufe gilashin in ban goge da safe ba da kyar in ga lita 2, mu kuma mu tara ne a gida, to ina za ta kai? Mafi yawan zafin ta gilashi da gefe yake zurarewa. Har yau ɗan garuwa bai daina zuwa ba.

Ƙanen nawa ya ce ai ruwan famfon Makka ma daga teku ake tace shi a Shu'aiba, na ce masa can manyan injina ne masu cin makamashi, kuma ruwan teku lita 1 gishirinsa ya kai giram 35, ragowar mai kaurin gishiri teku suke mayarwa ta takura wa kifaye. Ni ma na ga ƙaramin misali, na riƙa juye ragowar a gindin zogale, sati uku ganyen ya yi rawaya.

Amma ga masu sola ya yi, yanzu ruwan batir na daina saya, har maƙwabcina Alhaji yana aiko yaro da gora.