Shagon da ya gyara min takardar kwalbar humrata a Garwa

Humra da turaren wuta nake sayarwa, kuma takardar da nake mannawa jikin kwalba dole faɗinta ya tsaya santimita 6 cif. Sau biyu ana ɓata min ita a wani wuri: tambarina ya fito ƙato, sunan kayan ya tsuke kamar ƙwayar gero.

Sai ƙanwata ta kai ni wani ɗan shagon buga takardu kusa da babbar kasuwa. Yaron da ke kan kwamfutar ruler ya fara ɗaukowa ya auna kwalbar, abin da ya burge ni ke nan. Ya ce, "Hajiya, hoton tambarinki ɗigo 709 ne a faɗi, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su ba da hoto a kwamfuta. In aka lissafa ɗigo 300 a kowane inci, santimita 6 zai ba ki. Amma kwamfuta ta ɗauka 96 ne a kowane inci, shi ya sa ya kusa kai santimita 19." Inci ɗaya santimita 2.54 ne, ya rubuta min a bayan rasit. Ya saita hoton, ya bar girman rubutun a lamba 12, ya mayar da komai PDF, ya buga a ainihin girma, bai bar na'ura ta miƙe shi ya cika takardar A4 ba.

Na auna da hannuna, daidai wa daida.

Wurin dai matsattse ne, benci ɗaya, kuma in an ɗauke wuta sai jira. Ranar Asabar zan kai masa na kwalbar turaren wuta.