Bajaj Boxer BM 100: inda ya yi fice da inda yake cin kuɗin mai shi

Boxer mashin ne na kamfanin Bajaj da ke Indiya, kuma duk wanda ya san tashar ƴan acaɓa a arewacin Najeriya ko ta ƴan kabu-kabu a Nijar ya san shi. Injinsa silinda ɗaya ne mai kimanin cc 100, giya huɗu, iska ce ke sanyaya shi. Ba a zuba masa baƙin mai a cikin fetur kamar tsofaffin mashina masu hayaƙi. Birkin gaba da na baya duka na cikin ganga ne, ba na faifai ba.

Abin da ya sa ake rububinsa ba gudu ba ne, ba kuma kyau ba. Sirdinsa dogo ne shimfiɗaɗɗe, kariyarsa ƙarfe ce ta gaske da ke ɗaukar buhu, cikinsa a ɗage yake daga ƙasa, don haka hanyar gona da burji ba sa wahalar da shi. Idan kafireta tana daidai, taya da iska, lita ɗaya ta fetur takan kai mutum ɗaya kilomita 50 ko sama da haka. Babban abin kuwa shi ne babu ƙauyen da za ka rasa bakaniken da ya san cikinsa, kuma kayan gyaransa har a kasuwar mako ana samu.

Sai dai zancen da ake yi cewa Boxer ba ya mutuwa ya cuci mutane da yawa. Yana mutuwa, kuma galibi baƙin mai ne ke kashe shi. Man da ke cikin injin bai wuce lita ɗaya ba, shi ke shafe fiston, shi ke jiƙa kuloci da giya, shi ke kwashe zafi. Irin wanda ya dace shi ne 20W-50 na babur, wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa. Wasu mayukan mota masu santsi sosai sukan sa kuloci zamewa: ka murɗa totur inji ya yi ƙara, mashin bai ƙara gudu ba. A ƙasa mai ƙura da zafi irin tamu, kada juye ya wuce kilomita 2,000, mai aikin haya ma ya rage. A juye da inji da ɗumi, mashin a tsaye kan sanda ta tsakiya, a bar shi ya tsane, sannan a ɗaure notin ƙasa daidai hannu. Jikin injin alminiyom ne. Mai ɗaure noti da ƙarfin tsiya zai cinye haƙorin ramin, daga nan ɗigar mai ba ta ƙarewa. Man awo na bakin titi da ba a san asalinsa ba, araharsa ringi da fiston ne ke biyanta.

Sabon mashin kuma yana son lallashi. A kilomita 1,000 na farko kada a ɗora masa kaya masu nauyi, kada a ƙure masa totur, kuma juyen farko a yi shi tun wajen kilomita 500, domin man farko yakan fito da garin ƙarfe.

Bayan baƙin mai, abu na biyu da ke kashe shi ƙura ce. Matatar iskarsa soso ce, wanda abin yabo ne domin ana wankewa a mayar. A ciro ta, a wanke da kananzir, a matse ba tare da murɗawa ba don kada ta yage, ta sha iska ta bushe, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a mulmula har ya bi jikinta, a matse rarar. Busasshen soso ba ya kama ƙura, mai laƙaƙa da mai kuma yana shaƙe inji. Lokacin hunturu kowane mako biyu bai yi yawa ba. Masu cire soson gaba ɗaya wai don mashin ya ƙara ja, yashi suke ɗura wa silinda. Filogi zai faɗa maka halin da ake ciki: bakinsa ruwan ƙasa lafiya, baƙi mai toka fetur ya yi yawa ko matata ta toshe, baƙi mai maiƙo kuwa mai ya fara haurowa sama, ringi ya tafi.

Sarƙa ce ta uku, kuma aikin minti goma ne ranar da ba a fita. Ka taɓa tsakiyarta ta ƙasa, ya kamata ta motsa sama da ƙasa kamar faɗin yatsu biyu, wato milimita 25 zuwa 30. Idan ta saki da yawa tana dukan murfinta, tana iya ma sauka ta kulle taya ana cikin tafiya. Idan ta ɗaure da yawa tana cin boris. Wajen ja, a kwance notin sandar taya, a ja notocin gefe biyu daidai wa daida ana duba layukan da ke jikin ƙarfen, in ba haka ba taya ta karkace. Bayan an ja sarƙa dole a sake saita birkin baya, mataki ne da yara a gareji suke yawan tsallakewa. Ranar da haƙoran siforoket suka yi tsini suka lanƙwashe, a canza sarƙa da siforoket biyun tare. Sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori ba ta yin ƙarko.

Inda Boxer ya gaza ƙarara shi ne birki. Ga mutum ɗaya a cikin gari ya wadatar. Amma da zarar an ɗora mutum biyu da buhu, ko an ratsa ruwa ganga ta jiƙe, sai ka taka ka ji yana tafiya. Bayan kowane kwari a riƙa danna birki a hankali har ya bushe. Fitilar gaba ma ba ta burge ni ba, tana bin ƙarfin inji ne, kana rage gudu tana dushewa, daidai lokacin da kake neman ganin rami. A kan babbar hanya yana jin daɗinsa a gudun 60 zuwa 70. Sama da haka hannu da ƙafa su fara kaɗawa, inji yana kuka. Mai yawan doguwar tafiya ko hawan tudu da kaya, yayansa BM 150 ya fi masa.

Iskar taya, a ma'aunin psi: 25 a gaba, 28 a baya, 32 idan da goyo. Masu faci sukan cika ta fiye da haka in ba ka ce a auna ba. Tsinkayen rim kuma a riƙa ƙwanƙwasa su da sifana, wanda ya yi sautin kwance a ɗaure shi kafin rim ya karkace.

Idan mashin ya fara sarƙewa bayan an sha man bumburutu, kafin a kwance kafireta a rufe famfon tanki, a sassauta ƙaramin sukurun da ke ƙasan kwanonta, ruwa da datti su zube. Sau da yawa matsalar ke nan.

Kayan gyara kuwa aji-aji ne, kuma yawan mashin ɗin ya jawo masa jabu. Kwalin iri ɗaya, abin ciki daban. A madubi ko roba mai araha ba laifi. A fiston, ringi, faifan kuloci da takalmin birki, a nemi na ainihi wajen dillalin da zai ba da rasit.

Mai sayen na hannu ya je da sassafe ya tayar da shi da inji a sanyaye. Ya duba salansa: shuɗin hayaƙi inji na shan baƙin mai. Ya ɗaga tayar baya ya girgiza ta gefe da gefe, ya leƙa ƙarƙashin sirdi ko firam ya sha walda saboda lodi, sannan ya gwada lambar inji da ta firam da abin da ke cikin takardu kafin ya ƙirga kuɗi.