Tiren renon tumatir mai ramuka 128: ya ci kuɗinsa?

Ga mai sayen irin tumatir mai tsada, wannan tiren roba ya fi fangali. Ƙwaya ɗaya a kowane rami, zurfin kusan rabin santimita. Saiwa ke fara fasa ɓawo ta nutsa ƙasa, sannan kara ya turo ganye biyu na farko cikin kwana 5 zuwa 8. Sanyin hunturu kan jinkirta shi. Wajen dashe, bayan mako 3 zuwa 4, saiwar na fitowa da ƙasarta a dunƙule, ba tsinkewa.

Aibinsa, ramukan ƙanana ne, zafin rana na busar da su nan da nan. In kuma aka tsananta ban ruwa, gindin tsiron ya ruɓe ya kwanta. Robar ma siririya ce, rana na tsattsaga ta.