Haƙoran roba ko na dashe: wanne ya fi wa tsofaffinmu?

Wani dattijo maƙwabcinmu a Tudun Wada ya bar cin goro, ba don ya so ba. Turamensa ne suka zube. Duk lokacin da na ga yana jiƙa burodi a shayi kafin ya ci, sai tausayi ya kama ni.

Haƙoran roba na cirewa sun fi araha, kuma babu tiyata. Sai dai suna motsi in ana tauna tsire, ƙashin muƙamuƙi kuma yana ta zaizayewa a ƙarƙashinsu har su yi sako-sako.

Na dashe kuwa, ƙusa ce ta ƙarfen titaniyam da ake kafawa cikin ƙashi a ɗora haƙori a kanta, dabarar da wani likita mai suna Brånemark ya fara yi wa mutum a Suwidin a 1965. Yanzu akan ɗauki hoton muƙamuƙi, a tsara mazaunin kowace ƙusa a kwamfuta don kauce wa jijiya, sannan a jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ta. Tsada kam, akwai ta.

Ni dai na fi karkata ga dashe. Amma mai ciwon suga da bai daidaita ba, ko mai shan taba, ya fara zuwa asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya likitan haƙori ya duba shi.