Shafin College Hockey News: na gwada, ga abin da na gani

Ni dai da na zo Minnesota karatu ban san komai ba a hokin ƙanƙara, ƙwallon ƙafa na sani, amma a nan in ba ka iya hirar hoki ba to zaman kurame za ka yi a wajen aiki. Wani abokin aikina ne ya ce in sauke manhajar College Hockey News, ta labaran hokin jami'o'in Amurka, a waya, wai in daina yi masa tambaya kamar ɗan jarida. Na sauke, yanzu kam ni ke tsokano musu.

Abin da ya fi burge ni shi ne tarihin gasar NCAA, wato gasar cin kofin ƙasa ta jami'o'i, ƙungiya 16 ke shiga tun 2003, wasa ɗaya tak, an ci ka ka tattara kayanka, huɗun da suka rage su ne Frozen Four. Da dare ina kwance da kofin shayi ina ta gungura sakamakon shekara bayan shekara sai na lura wanda aka ɗora a lamba ɗaya ba shi da wani tabbas wallahi. Jami'ar RIT ta fitar da Minnesota State a 2015, St. Cloud State kuwa sau biyu a jere, Air Force ta kore ta a 2018 sannan kwalejin AIC ta maimaita mata a 2019 da ci 2-1, duka a wasan farko, kuma duka tana matsayin ta ɗaya a ƙasar. Abokin nawa ɗan St. Cloud ne, da na nuna masa allon wayata kawai tashi ya yi ya tafi ɗebo kofi.

Sai batun NCHC, ɗaya daga cikin rukunonin da jami'o'in ke wasa a ciki, daga 2016 zuwa 2025 kofi bakwai suka ɗauka cikin tara (ba a buga ba a 2020 saboda korona). Denver, wadda ke cikin rukunin, ta kai kofi goma a 2024 ta wuce Michigan mai tara, wadda rabonta da kofi tun 1998. Su kuma 'yan Jami'ar Minnesota kar ma ka tuna musu wasan ƙarshe na 2023, daƙiƙa 10 da fara ƙarin lokaci Quinnipiac ta zura musu.

Akwai wani sashe You Are The Committee, ka zaɓi wanda kake ganin zai ci kowane wasa ya lissafa maka wa zai samu gurbi a gasar NCAA, nan na ɓata dare guda kaman mai duba. Gajerun haruffan teburin jerin ƙungiyoyi sun ɗan wahalar da ni da farko, amma wannan rashin sanina ne, cikin sati na saba.

In kallon wasa kake nema ba nan ba ne, wannan na labari da lissafi ne. In kuma kayan musu kake so, sauke abinka, ni ko sisi ban biya ba.