Ruwan famfo: abin da na gani a Gombe bayan barina Bauchi

Shekara uku ke nan da na kwashe iyalina daga Bauchi muka dawo Gombe, ina sayar da hatsi. Masu tambayata wane gari ya fi, da ruwa nake fara ba su amsa.

A Bauchi daga dam ɗin Gubi ruwanmu yake zuwa, kusa da gari. Na Gombe kuwa sai an turo shi tun daga Dadin Kowa, kuma garin tudu da kwari ne. Unguwarmu tana kan tudu, don haka famfo kan yi kwanaki a bushe, sai mu koma wa 'yan garuwa. Ranar da ya zo, gaskiya fes yake, uwargida ma ba ta tace shi. Rashin sanin ranar zuwansa ne ke cin raina.

Tituna kam Gombe ta burge ni. Jihar da aka cire daga Bauchi a 1996, ƙananan hukumomi 11 kacal, ga shaguna suna ta tashi. Wana yana shawarar biyo ni, na ce masa: “Yaya, taho, amma kafin ka biya kuɗin haya ka murɗa famfon gidan tukuna.”